Manomin da Ya Raba Lambobin Yabonsa

An yi wani manomi wanda dawarsa ba ta da ta biyu a ƙasarsu. Duk shekarar da aka yi gasar amfanin gona, sai ya dawo gida da lambar yabo a wuyansa, wata ta tagulla, wata ta azurfa. Ya tara su cikin gwangwani, yana goge su da toka da lemun tsami. Ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Wata damina, ana tsakiyar noma, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi har ya fid da rai. Ya ce wa matarsa, "Ɗora mini gwangwanin nan a ƙirji. In tafiyar ce ta zo, in tafi da abina."

Ta ɗora. Bai jima ba ya fara nishi.

"Ɗauke, ɗauke, ya danne mini numfashi! Ruwa nake so."

Ta ɗauke, ta tallafo kansa, ta shayar da shi.

Allah kuwa ya ji tausayinsa, ya tashe shi. Ran da ya iya takawa, ya dogara sanda ya nufi gona, yana zaton ciyawa ta cinye ta. Sai ga gona an nome ta tas, dawa ta yi kore shar. Ashe maƙwabtansa ne suka yi masa gayya.

Ya tsaya yana hawaye yana dariya. Ya koma gida ya sa aka yi tuwo, ya kira su duka, ya buɗe gwangwani, ya bi su ɗaya ɗaya yana rataya wa kowa lamba. Mafi kyau ya sa wa matarsa.

Ta ce, "Maigida, ni da ban taɓa shiga gasa ba?"

Ya ce, "Riƙe abinki. Ni an ba ni wadda ta fi, ga ni tsaye da ƙafafuna."

Mata suka rangaɗa guɗa, aka tashi da waƙar godiya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Lambobin su ne yabon duniya da duk abin da muke ƙanƙamewa. Ba mugun abu ba ne, amma ranar mutuwa nauyi ne kawai. Rai shi ne babbar kyautar Ubangiji, kowace safiya kuwa yana sabunta mana ita. Kada ka jira ciwo ya koya maka. Akwai wanda ya nome gonarka sa'ad da ba ka da ƙarfi. Tun kana da numfashi, tashi ka je ka gode masa, ka kuma yabi Allah da murna.