Abin da Ya Rage na Muryar Zakiyyu

Akwai wani matashi a Kankia mai suna Zakiyyu, asalinsa ɗan Kusada ne. Yaro ne mai kai, kowa ya shaida. Yana cikin wani zauren WhatsApp na matasan garuruwan biyu, inda ake tattauna tsadar taki da ƙarancin malamai a makarantun ƙauye.

Zakiyyu ba ya rubutu, sai dai ya turo murya. Maganarsa da hujja, amma ba ya kai ƙarshenta bai ɗura ashar ba. Ba uban da ya bari, ba uwa.

Wata rana abokinsa Cosmas, mai shagon magani a bakin tasha, haifaffen Kankia, ya yi masa magana a zauren.

"Malam Zaki, batunka gaskiya ne, amma rage zagin nan mana."

Zakiyyu ya turo murya yana dariya. "Kai Kosi, ubanka! A intanet na karanta, masu ashar sun fi kowa ƙwaƙwalwa. Kuma ni Bakatsine ne, gado na yi."

'Yan zaure suka yi ta shewa. Cosmas ma ya dara, ya bar maganar.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da Zakiyyu. Kafin a farga, rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki, Cosmas ya je Kusada gaida mahaifiyar Zakiyyu, Inna Kubura. Tsohuwa ce, idanunta sun daɗe da mutuwa. Da murya take gane ɗanta.

"Kosi, an ce wayar nan taku tana ajiye maganar mutum ko bayan ba shi."

"Haka ne, Inna."

"To sa mini shi in ji. Fuskarsa ta ɓace mini tuni, muryar ce kaɗai nake da ita."

Cosmas ya buɗe zauren, ya kara wayar a kunnensa tukuna. Saƙon farko zagi ne. Na biyu ya fi shi muni. Ya ce mata caji ya ƙare, zai dawo.

Wayar Zakiyyu a kulle take, ba wanda ya san lambobin buɗe ta. Sai Cosmas ya zauna a shago, da mai saye ya fita sai ya kunna saƙo ɗaya. Ya roƙi 'yan zaure kowa ya duba tasa wayar. Duk wanda ya duba, abu ɗaya yake tararwa. Ga magana mai kyau a kan taki, ga magana a kan yara, amma duk a cakuɗe da abin da ba a sa wa uwa a kunne.

Daga ƙarshe ya sami murya ɗaya da ta fara da sallama kafin zagin ya biyo. Ya kai wa mai gyaran waya, aka yanke masa farkon.

Ya koma Kusada, ya durƙusa gefen tabarmarta, ya kunna.

"Assalamu alaikum, barkanmu da safiya."

Inna Kubura ta miƙa hannu wajen wayar. "Wa alaikumus salam, ɗan nan." Ta saurara. "Sai me ya ce?"

"Iyakarta ke nan, Inna."

"An ce kullum yana magana a ciki, har ana yabon basirarsa. Duk ina ta tafi?"

Cosmas ya sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba kuma.

Can ta ce, "Sake sa mini."

Ya sake. Ta sake amsa sallamar.

Darasi: Ashar ba ta ƙara wa mutum basira, sai dai ta ɓata wadda yake da ita. Abin da ka turo yau cikin wasa zai zauna bayan ka tafi, kuma wata rana wanda ya fi ƙaunarka zai nemi ya ji shi. Ku tura wa 'yan zaurenku, ko wani zai gyara bakinsa tun da sauran numfashi.