Tela Da Tseren Kilomita Goma

Akwai wani tela mai shago a bakin kasuwa, mutumin kirki, gwanin ɗinki, wanda ba a taɓa jin ya ci amanar yadin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Shayi da zafinsa yake kurɓa ya ƙona harshe. In ya tarar da layi a asibiti sai ya juya gida ya ce ya ji sauƙi. Matarsa takan ce ko haihuwarsa ma kafin lokaci aka yi, shi kuma ya ce ai gani ya yi ba abin da yake yi a ciki.

Yana da shekara arba'in da bakwai likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, kuma zaman keken ɗinki daga safe zuwa yamma ba ya taimakonsa. Babbar 'yarsa, wadda ke karatun aikin jinya, tana wurin aka faɗi haka. Bayan kwana uku ta shigo shago da takardu biyu, ta ce ta rubuta sunayensu a tseren titi na kilomita goma da za a yi nan da mako goma sha biyu.

"Baba, ni ma ban taɓa gudun da ya wuce na bin mota ba," in ji ta. "Tare za mu fara, tare za mu gama. Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Uwata," ya ce, don haka yake kiranta tun tana goye.

Suka shiga ƙungiyar sababbin 'yan gudu da ke haɗuwa da sassafe a filin wata makaranta. Mai koyar da su tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, kowa yana ce masa Koci. Ranar farko ya ce gudun minti ɗaya za a yi, a yi tafiyar minti biyu, a maimaita sau takwas. Kwana uku a mako, sauran kwanakin hutu.

"Koci, wannan gudu ne ko rakiyar baƙo?" tela ya tambaya.

Koci ya yi murmushi. "Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Ƙashi da jijiya su ne masu nawa, kuma ranar hutu suke gyara kansu. Kada wanda ya ƙara mini ko taku ɗaya."

Wani mai burodi, ƙato mai tumbi da ya iso filin a ƙarshe, ya ɗaga hannu yana haki. "Ni dai Koci, a wannan hutun ba wanda zai wuce ni."

Zuwa mako na huɗu tela ya ji canji. Numfashinsa ya buɗe, barcinsa ya yi daɗi, har ya rage ƙugun wandonsa da hannunsa. Amma da ya lissafa sai hankalinsa ya tashi. Wata guda ya wuce, ko kilomita uku bai yi a jere ba. Ya riƙa hango kansa ranar tsere, a tsakiyar titi dafe da gwiwa, 'yarsa tana tsaye tana jiransa, jama'a suna kallo.

Sai ya fara fita ranakun hutu. Yakan ce wa mutan gida aiki ne ya taru, zai buɗe shago da wuri, alhali takalmin gudu yana cikin jakar yadi. Yakan bi titin siminti na bayan kasuwa, ya yi kilomita biyar, daga baya bakwai. A filin makaranta ya zama shi ne a gaba, ana ta yaba masa, shi kuma yana sunkuyar da kai.

A mako na bakwai ƙwaurinsa na dama ya fara ciwo, wuri ɗaya tak da yatsa zai iya rufewa. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da ƙyalle a ƙarƙashin wando.

"Baba, kamar ɗingishi kake yi," in ji 'yarsa wata safiya.

"Takalmin ne yake matsa ni."

Ta yarda, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba.

A mako na goma Koci ya ce yau za a gwada kilomita takwas a titi. Suna cikin na biyar tela ya ji kamar an soka masa allura mai zafi a ƙashi. Ya yi taku uku, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna a bakin kwata. Mai burodi da ke tafe a baya ne ya tallabe shi, shi da yarinyar suka sa shi a mota.

Hoton asibiti ya nuna ƙashin ƙwaurin ya tsage. Likita ya ce mako takwas ba taka ƙafa, ba taka keken ɗinki. Sannan ya tambaye shi sau nawa yake gudu a mako. Tela ya dubi ƙasa.

"Shida," ya ce.

Da suka fito baranda, 'yarsa ta zaunar da shi a benci.

"Me ya sa, Baba?"

"Ban so ki tsaya jirana a titi ana kallonmu ba."

Ta share ido da bayan hannu. "Ai don in jira ka na rubuta sunana. Kana tsammanin kofi nake nema? Da ka ce mini tsoro kake ji, da na gaya maka ni ma kullum da tsoro nake fita."

Ta ce ta fasa tseren. Ya roƙe ta, ya ce kada laifinsa ya cinye mata wahalar mako goma.

Ranar tsere aka kai shi kusa da layin ƙarshe, ya tsaya a kan sandunan dogarawa. Gwanaye suka wuce kamar iska, matsakaita suka biyo, titi ya fara yin fili. An yi masa tayin kujera ya ƙi. Sai bayan awa ɗaya da rabi ya hango su, 'yarsa da mai burodi kafaɗa da kafaɗa, suna gudu a hankali yadda Koci ya koya musu. Ta ɗago masa hannu. Shi ma ya ɗaga mata nasa.

Shagon ya yi wata biyu a rufe, wasu masu kawo masa ɗinki suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Da likita ya sallame shi, ya koma filin makaranta da sassafe, ƙafar ta rame.

"Yau tafiya za ka yi, minti goma," in ji Koci. "Gobe hutu."

"To, Koci," in ji tela. Ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa. 'Yarsa ta tsaya a gefensa har ya gama.

Darasin wannan labari shi ne, akwai abin da himma kaɗai ba ta kawo shi sai an ba shi lokacinsa. Tela ba malalaci ba ne, kuma niyyarsa mai kyau ce, amma gaggawa ta raba shi da abin da ya fi so, ta kuma sa shi yi wa 'yarsa ƙarya. Idan masani ya ce ka huta, ka huta. Idan jikinka ya yi ƙorafi, ka saurare shi tun ciwon yana ƙarami. Idan kuma tsoro ne yake ingiza ka, ka gaya wa wanda kuke tafiya tare, domin mai ƙaunarka ba ya ƙin jiranka.