Burauzar Hajiya Gambo

Ku gyara zama. Wannan labari na zamaninku ne, kuma idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗa ne kawai.

A Malumfashi an yi wani dattijo, Malam Sallau, tsohon ma'aikacin gidan waya. Matarsa Hajiya Gambo ungozoma ce, ita ce kuma mai kwamfuta a gidan. Shi bai taɓa kula kwamfutar ba sai da Hajiya ta rasu. 'Ya'yansu uku duk sun yi nisa: Nafi'u yana aiki a Fatakwal, Ɗahiru yana ɗinki a Yola, Hansatu auta tana aure a Sakkwato, tana koyarwa. Da aka yi sadakar arba'in kowa ya koma, gida mai ɗaki biyar ya rage daga Malam sai kaji.

Kullum da hantsi sai ya ɗauko kwamfutar ya ɗora a kan tabarma, ya buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Komai yana nan yadda Hajiya ta bari: tashar rediyon da take saurare, shafin da take duba maganin hawan jininsa, da wani na irin tumatir da ta so shukawa ba ta samu dama ba. Idan ya danna harafi ɗaya, sai burauzar ta ƙarasa masa kalmar da Hajiya ta saba rubutawa. Yakan yini bai yi magana da kowa ba, amma wannan yana ɗebe masa kewa.

Kafin Hajiya ta cika ta gaya masa ta bar masa saƙon murya a akwatin imel ɗinta, ya saurara ranar da ya samu ƙarfin zuciya. Shekara ɗaya da rabi bai samu ba. Ranar da ya samu, sai shafin ya ƙi buɗewa. Rubutu ya fito cewa burauzar ta tsufa, masu ita sun daina sabunta ta, sai dai ya koma wata. Ya gwada washegari, ya gwada jibi. Daga nan ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu.

Nafi'u ne ya fara tashi. Ya san kwamfutar mahaifiyarsu ta tsufa, kuma sabis a unguwarsu yana zuwa yana ɗaukewa. Ya yi ta yawo a kasuwa har ya samo tsohuwar kwamfuta irinta sak, ya riƙa zama da ita bayan ya tashi daga aiki yana gwada burauza iri-iri. Ta farko tana da sauri, amma nauyinta ya fi ƙarfin injin, da an buɗe shafi biyu sai komai ya daskare. Ta biyu tana tare tallace-tallace, ba ta bin diddigin mutum, amma ta ƙi sauka a kan tsohon inji sam. Ta uku ta sauka, sai dai rubutunta ƙanana ne, ga idon Malam ya yi rauni. Sai a mako na uku ya dace da wata marar nauyi, mai haƙuri da raunin sabis, wadda ake iya ƙara wa rubutunta girma, kuma ta buɗe shafin imel. Ya rubuta matakan dalla-dalla ya aika gida. Ba don shi ba, da babu wanda ya san inda za a koma.

Amma Malam ya ƙi. Ya ce ba wanda zai taɓa masa abin da Hajiya ta jera da hannunta. Nafi'u ya yi bayani a waya har ya gaji, Malam ya daina ɗauka. Sai Ɗahiru, wanda bai san komai game da kwamfuta ba, ya rufe shagonsa ana saura mako biyu Salla, ya mayar wa mutane yadukansu, ya hau mota ya taho. Bai yi wa mahaifinsa maganar burauza ba. Ya share tsakar gida, ya gyara ƙofar akurki, ya riƙa zama a gefen tabarma da hantsi suna sauraron rediyon Hajiya tare. A rana ta shida Malam ya gaya masa gaskiya: tsoro yake ji, idan aka sauya ita ma kwamfutar za ta manta da Hajiya, ya rage shi kaɗai ke tuna ta.

Ɗahiru ya ce, "Baba, Inna ta yi maka magana tana jiran ka ji. Ai ba kyau a bar ta tana jira."

Malam ya tura masa kwamfutar. Ba don Ɗahiru ba, da takardar Nafi'u tana nan a ninke har yau.

To, mataki na farko a takardar shi ne a goge tsohuwar burauza don a samu wuri, saboda injin ya cika. Ɗahiru ya kai hannu ke nan sai Hansatu ta kira don ta gaishe su. Ya gaya mata abin da zai yi. Ta ce ya ɗauke hannunsa, kada ya danna komai. Ita kaɗai ta san Hajiya ba ta taɓa rubuta kalmar sirrinta a takarda ba, a cikin burauzar ta adana ta, kuma layin wayarta an daɗe da rufe shi, babu ta inda za a sake samo ta. Da an goge, da akwatin ya kulle har abada. Hansatu ta nemi izini a makaranta, ta zauna a kan waya kwana biyu. Ɗahiru yana karanta mata abin da ke fuskar kwamfutar, tana gaya masa inda zai taɓa. Suka kwashe wasu hotuna zuwa filashi, ɗan abin ajiye bayanai, aka samu wuri, suka sauke sabuwar a gefen tsohuwar, suka ƙaurar da kalmomin sirri da shafukan da Hajiya ta ajiye, har da na tumatir. Ba don ita ba, da aikin yayyenta ya zama ɓarna.

Ranar Laraba bayan azahar akwatin ya buɗe. Ɗahiru ya fita ƙofar gida ya bar mahaifinsa. Muryar Hajiya ta fito, a gajiye amma tana ɗan dariya. Ta nemi gafararsa, ta yafe masa, ta tuna masa ya rage gishiri. A ƙarshe ta ce:

"Malam, na san halinka, kai kaɗai ba za ka iso nan ba. Duk wanda ya kawo ka cikin yaran nan, ka kulle gidan ka tafi wurinsa. Kada ka zauna kai ɗaya. Wannan ce wasiyyata."

Da labari ya kai musu, kowa ya gyara ɗaki. Nafi'u ya ce shi ne ya nemo hanyar. Ɗahiru ya koma Yola ya sayi katifa. Mijin Hansatu da kansa ya kira ya ce gidansa na Malam ne. Shi kuwa Malam Sallau ya raba kajinsa ga maƙwabta, ya haɗa kayansa a jaka ɗaya ya ajiye a zaure. Yau wata biyu ke nan jakar tana nan, ba ya son ya saɓa wa matarsa, ba ya kuma son ya ɓata wa biyu rai saboda ɗaya.

To, jama'a, wanda ya nemo sabuwar burauza, da wanda ya shawo kan uban, da wadda ta hana a goge tsohuwar, wane ne ya kawo Malam wurin muryar Hajiya? Motar wane gari zai hau?