'Yar Toka, Tantabarar Tunau

A zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanakin doki, an yi wani sarki mai faɗin ƙasa, har faɗin ya zame masa damuwa. Can bakin iyakarsa ta arewa akwai wani gari da ake kira Rijiyar Ƙarshe, tafiyar kwana goma sha biyar daga birni. Wata shekara mahara suka faɗa wa garin. Hakimi ya tashi manzo, manzo ya kashe dawaki biyu a hanya don sauri, amma da dakarun sarki suka isa ba su tarar da komai ba sai kangaye da 'yan tsofaffin da suka kasa gudu.

Sarki ya yi kwana uku bai fito ba. Rana ta huɗu ya zauna a fada ya ce, "Waziri, ina amfanin sarautar da kukan talakawanta ba ya iso ta sai an binne su?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, doki ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma na ji fatake na cewa a ƙasashen gabas tantabaru ke kai wasiƙa. A sa tsere, mu ga ko a birnin nan akwai mai irinsu."

Aka yi shela: bayan wata shida za a karɓi tantabara guda daga hannun duk mai so, a kai su Rijiyar Ƙarshe, a sake su lokaci ɗaya. Wanda tasa ta riga dawowa, shi za a naɗa Sarkin Tantabaru.

A ƙarshen birnin, jikin ganuwa, akwai wani tsoho da ake kira Tunau. Da can farke ne. Wata tafiya da ya yi fataucin goro, cutar agana ta shiga birni ta ɗauke matarsa Hansai da 'ya'yansu biyu. Ba wanda ya kai masa labari. Sai bayan wata biyar ya dawo da tsarabar zane a hannu, ya yi sallama a gidansa, maƙwabci ya amsa masa. Tun daga ranar bai sake bin ayari ba. Ya kakkafa tukwane a jikin bango ya shiga kiwon tantabaru. Shekara ashirin ba mai sallama a ƙofarsa sai mai tallan gero, har magana takan yi masa nauyi a baki don rashin abokin yi.

Tunau ba ya son sarauta. Amma da ya ji abin da ya jawo shelar, sai ya rasa sukuni. Ya zaɓi matasa goma sha biyu cikin tantabarunsa, ya sa a kwando, ya ɗora wa jaki. Ya kai su tafiyar rabin yini ya sake. Bayan mako ya kai su tafiyar yini guda, sannan kwana uku, sannan bakwai. Duk dawowar da zai yi shi kaɗai da jakinsa, sai ya tarar da wata tukunyar ba kowa. Wata shaho ya ci, wata ta bi garken wani gari, wata Allah kaɗai ya san inda ta faɗi. Da wata shida suka cika, saura huɗu. Cikinsu akwai wata 'yar ƙarama mai ruwan toka wadda ba ta taɓa kwana a waje ba. Yana kiranta 'Yar Toka.

Ranar karɓar tantabaru fada ta cika. Waziri ya ce, "Kafin a ɗauke su, sarki na da tambaya. Me ke sa tantabara ta iya doguwar tafiya?"

Wani malami ya ce ido ne, domin ya karanta cewa mai jan ido ba ta ɓata. Sai wani attajiri mai suna Barmo ya miƙe, ya ɗaga wata farar tantabara ƙatuwa da aka kawo masa daga hayin hamada, ya ce, "Zaki, asali ne da ƙirji. Dubi wannan, wace iska za ta tare ta?" Fadawa suka yi ta yabo.

Aka zo kan Tunau. Ya durƙusa, ya daɗe yana neman bakin magana, sannan ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ban iya faɗa ba sai da hannu."

Sarki ya miƙo hannu, Tunau ya ɗora masa 'Yar Toka. Fadawa suka ga ƙanƙantarta, suka ƙyalƙyale da dariya.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ji yadda take, kamar ka riƙe busasshiyar ƙwarya. Babba tana da sauri daga gari zuwa gari na kusa, amma in rana ta take nauyinta ne ke cinta. Shafa gashin, ka ji laushi kamar alharini, ruwan sama ba ya zama a kansa. Buɗe fiffiken, dubi gashin nan huɗu na ƙarshe, dogaye ne, da 'yar tazara tsakaninsu don iska ta wuce. Danna bayanta, ba ya lanƙwashewa. Wannan duk hannu na iya ganewa."

Sarki ya ce, "Akwai wanda hannu ba ya ganewa?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Son gida. Na yi masu kyan fiffike da suka fi ta, garin farko da aka watsa musu gero suka sauka, suka manta da ni. Wannan kuwa ta bar mijinta a tukunya da ƙwai biyu."

Waziri ya ɗaura wa kowace tantabara jan zare a ƙafa a gaban jama'a, aka ɗora kwanduna arba'in a kan raƙuma, ya tafi da kansa. Aka tsayar cewa da asubar rana ta goma sha shida zai sake su.

Mijin 'Yar Toka ya kwanta kan ƙwan nan kwana biyar shi kaɗai. Da ya ga ba mai karɓarsa, sai ya tashi. Ya koma bakin tukunya yana ta kuka. Ƙwai suka yi sanyi. Tunau ya sa hannu zai kwashe su, sai ya janye, ya bar su.

Ranar saki, tun hantsi Tunau yake zaune a tsakar gida yana duban arewa. Kafin la'asar sai ya ji kiɗa daga unguwar attajirai: farar Barmo ta sauka, da jan zarenta. Sarki ya tara masu tsere duka don a yi shaida. Barmo na ta karɓar barka.

Tunau ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yarje mini in riƙe ta."

Aka ba shi. Ya taɓa maƙoshinta, ya shafa ƙirjinta, ya duba ƙafafunta. Ya roƙi ruwa a ƙoƙo ya kai mata baki, ta kau da kai. Ya san talaka ba ya ƙaryata attajiri a fada ya kwana lafiya. Amma ya tuna abin da za a ɗora wa tsuntsuwar nan in an yarda da ita.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba daga nesa take ba. Wadda ta yi tafiyar yini a sama takan zo da ƙirji a zube, ciki wayam, ta faɗa wa ruwa kafin ta dubi kowa. Wannan geron safe na nan a maƙoshinta."

Barmo ya zabura. "Zaki, za a bar wannan tsoho ya yi mini ƙazafi a gabanka? A tambaye shi ina tasa!"

Sarki ya ce, "Ina taka, Tunau?"

"Ba ta iso ba."

Sarki ya ce, "Ba na yanke hukunci sai Waziri ya dawo. Kai Tunau, ka zauna gidanka, dogarai biyu a ƙofa. In maganarka ta tabbata, to. In ƙazafi ne, za a yanka tantabarunka duka a gabanka."

Tunau ya koma gida. Gari ya waye, rana ta faɗi, ba 'Yar Toka. Ya watsa wa sauran gero, shi ya kasa cin komai. Yakan dube su suna tsattsaga ba su san abin da ke jiransu ba, ya ji bakinsa ne ya jawo musu. Dogarai na hirarsu a waje, ba mai ce masa sannu.

Rana ta uku da azahar ya ji wani dogari ya ce, "Kai, dubi ikon Allah!" Tunau ya leƙo. Ga 'Yar Toka a ƙasa, tana tafe da ƙafa ta bin gindin ganuwa, tana jan fiffike ɗaya. Ta ratsa tsakanin dogaran ta shiga zaure. Shaho ya yage mata ƙirji, jini ya bushe a gashin. Ta kafa baki a kaskon ruwa ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta je gindin bango ta yi tsalle sau biyu, ta kasa kai wa tukunyarta. Tunau ya ɗauke ta ya sa ta ciki. Ta gyara ƙwan nan masu sanyi da baki, ta kwanta a kansu.

Tsohon ya tsaya a wurin yana kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da maƙwabci ya amsa masa sallama. Da ya natsu ya kawo allura da zare ya ɗinke mata ƙirji. Dogaran suka cire hula suka riƙe masa ƙoƙon ruwa.

Cikin makon wasu biyu na mutanen gari suka dawo. Sauran ba su dawo ba.

Da Waziri ya iso aka tara fada, sarki ya ba shi labari. Waziri ya sa aka shigo da kwando guda, ya buɗe, sai ga farar tantabara ƙatuwa da jan zare a ƙafa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga wadda Barmo ya ba ni. Da na sake su ta yi kewaye biyu, ta sauka kan rumbun hakimi, can na kamo ta. Jan zare kuwa kowa ya ga na ɗaura, kowa na iya sayen irinsa a kasuwa. Don haka a can na shafa wa kowacce shuni a ƙarƙashin fiffiken hagu, ban gaya wa kowa ba."

Aka ɗaga fiffiken wadda ta sauka gidan Barmo, fari fat. Aka ɗaga na 'Yar Toka a hankali, ga shuni. Barmo ya faɗi yana neman gafara, ya ce 'yar'uwarta ce baransa ya saki daga bayan dutsen arewa.

Sarki ya ce, "Da na yarda da kai, da rayukan gari guda na ɗora wa tsuntsuwar da ba ta wuce dutsen can ba. A yanka tantabarunsa."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, su ba su yi ƙarya ba."

Sarki ya dube shi, ya janye maganar. Ya yanke cewa Barmo ya tafi Rijiyar Ƙarshe ya gina mata ganuwa da dukiyarsa, kada ya dawo sai ya gama. Aka naɗa Tunau Sarkin Tantabaru, sarki ya ce a ba shi gida a cikin fada.

Tunau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ba sa sanin fada. Inda aka ƙyanƙyashe su nan suke komawa. Sai dai a bar ni inda nake. Abu ɗaya nake roƙo, a bar mini wannan. Ba za ta sake tashi ba."

Aka bar masa ita.

Daga nan duk tantabarar da Tunau ya horar, sai raƙuma su zo su ɗauke ta zuwa garuruwan iyaka, ta zauna can a kwando sai ranar da labari ya taso. Bayan shekara biyu mahara suka sake nufo arewa. Masu leƙen asiri suka hango shirinsu, wasiƙa ta iso birni a yini ɗaya, dakaru suka riga su isa, ba a rasa ko akuya ba. Aka yi kwana bakwai ana kiɗa, ƙasa ta zauna lafiya, maroƙa suka sa sunan Tunau a kirari.

Shi kuwa bai je wurin kiɗan ba. Gidansa ya fi da shiru, don yawancin tukwanen ba kowa. Bai iya karatu ba, bai taɓa sanin abin da ke cikin wasiƙun ba. In tantabara ta sauka, yakan fara ba ta ruwa, ya kwance takardar ya miƙa wa ɗan saƙo, ya saurari kofaton doki har ya ɓace. Sannan ya dawo ya zauna a tabarma, 'Yar Toka ta tako ta hau gwiwarsa, ya ɓare mata gyaɗa ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi.

Haka suka zauna shekara shida. Da ta mutu, da hannunsa ya haƙa mata rami a gindin bango, bai gaya wa kowa ba. Nan hikayar ta tsaya.