Ranau Maharbi da Wakilan Bayan Dutse

A zamanin da dajin Kirya ba shi da hanya sai ta giwaye, wani maharbi mai suna Ranau ya biyo sawun ɓauna kwana tara. Ya harbe ta a gindin wata tsamiya, kuma an ce inda ta durƙusa nan ruwa ya ɓuɓɓugo. Ya kafa bukka a wurin. Maharba na masa kirari da Ranau mai kibiya ɗaya, gagara ɓauna.

Da gidaje suka kai goma sha biyu, sai ya ƙi a kira shi sarki. Duk abin da ya shafi gari, kowane maigida zai zo gindin tsamiya ya faɗi bakinsa, sannan ya jefa tsakuwa a ɗaya daga ƙorai biyu. Ƙwaryar da ta fi nauyi ita ake bi. Haka aka yi shekara ashirin.

Gari ya yaɗu. Waɗanda suka zo a baya suka sami gonaki a bayan dutse, tafiyar rabin yini. Ƙasarsu laka ce, dawa suke shukawa, mai daɗewa ba ta nuna ba. Na kusa da tsamiya kuwa gero suke yi, da wuri suke girbewa.

Wata kaka aka kira taro don sa ranar ƙona daji domin farauta. Na kusa sun riga sun cika rumbu, suka zo duka. Na Bayan Dutse suna fama da tsuntsaye a gona, mutum biyu kaɗai suka samu zuwa. Ƙwaryar wuta ta rinjaya. Aka kunna wuta, iska ta juya, wutar ta cinye dawar gida talatin a Bayan Dutse.

Kwana uku bayan haka wata dattijuwa daga Bayan Dutse, Tabawa, ta zo ta zube zangarniya ƙonanna a gaban Ranau.

"Ga tsakuwarmu, Baban gari. Mun ɗaure kaya, za mu tashi."

Ranau ya daɗe yana duban tokar. Ya san ba wanda ya karya ƙa'ida, ya kuma san shi ya fara jefa tsakuwar wuta.

"Iya, ku zaɓi mutum uku su riƙa zuwa a madadinku. Tsakuwar kowannensu ta gida goma ce."

"Mu aiko su, ku cika su da dambun nama, su komo mana da bakinku? Na san cikin maza."

"To me zai tsayar da ku?"

"Su zo da yunwa, su koma da yunwa. Sai sun gaya mana abin da suka faɗa kafin su ci. Wuta kuma ba a aike a kanta. Wanda gonarsa za ta ƙone, hannunsa zai jefa."

Maharba suka yi gunaguni, don jiran kowane gida na nufin nama zai tsere kudu. Ranau ya ce ya yarda. Mutanen Bayan Dutse suka kwance kaya.

Kakar da ta biyo, wakilai uku suka zo, aka yanke maganar rijiya da ta burtali cikin wuni guda. Maganar wuta kuwa ta ɗauki kwana arba'in, ana jiran gida-gida su gama girbi su zo. Gwanki da mariri suka wuce, Ranau na zaune da bakansa a cinya. Bai sake samun babbar farauta ba har ya rasu.

Garin Kirya na nan. Har yau ba a kunna wa daji wuta sai kowane maigida ya zo da ƙafarsa. Ranar zaman wakilai kuma, matan gari kan dafa abinci su kawo gindin tsamiya, wakilan Bayan Dutse su yi godiya, su rufe akushi ba tare da sun ci ba, su kama hanya.