Gizo da Jan Furen Fadama

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikalle!"

"Ta zo mu ji ta, Iya, kunnenmu na wajenki!"

Gizo ne ya tashi ya kafa gidansa can kan tudu. Kada ku ce don shan iska, a'a, don ya riƙa hango gidan da hayaƙi ke tashi ne, ya kai musu gaisuwa daidai lokacin kwashe tuwo. Matarsa Ƙoƙi kuwa 'yar fadama ce. Kullum ita ce sauka da tulu, ita ce hawa da tulu, har wuyanta ya ƙage. Ran nan ta dire tulun, ta ɗaure kayanta, ta yi yaji.

Gizo ya ga murhu ya yi sanyi, gida ya yi tsit, kewa ta kama shi ba kaɗan ba. Ya zura riga ya tafi biko. Ƙoƙi ta leƙo ta katangar gidansu ta ce, "Ka ga jan furen nan na bakin rafi? Ranar da ya buɗe a ƙofar ɗakinka, ranar zan koma."

Gizo ya yi tsalle ya ce, "Shi ke nan? Fara naɗe tabarmarki!"

Ya ruga fadama wurin Kwaɗo mai lambu, ya roƙi tushe ɗaya. Kwaɗo ya ciro masa ya ce, "Tsaya in gaya maka yadda..."

"Haba Malam Kwaɗo! Ni za a koya wa karɓar baƙo?" Wuf, ya yi gaba.

Da isarsa gida ya dubi saiwar, ya ga laka caɓa-caɓa. Ya riƙe baki. "Baƙona da ƙafa haka? Sai a zage ni a gari!" Ya wanke saiwar tas, ya goge ta da gefen riga, ya shimfiɗa tabarma a rana ya kwantar da baƙo ya huta. Kafin la'asar fure ya yi yaushi, ya langaɓe.

Gizo ya koma. "Malam Kwaɗo, baƙon nan naka barci gare shi. Ba ni ƙaninsa."

"To amma ka ji, shi wannan..."

"Na sani, yunwa ce!"

Ya dasa shi a tsohuwar tukunya, ya dama fura da nono har da zuma. Ya zuba wa baƙo ludayi ɗaya, ya sha uku, wai yana taya shi don kada ya ji kunya. Kafin gari ya waye tururuwa sun yi biki a tukunyar, ko ganye ba su bari ba.

Gizo ya sake komawa. "Malam Kwaɗo, ba ni autansu."

"Gizo, don Allah ka saurara..."

"Na gane, sanyi ne!"

Ya kai auta ƙuryar ɗaki, ya lulluɓe shi da bargo, ya hura masa wuta, yana fifita yana yi masa waƙa. Da ya yaye bargon sai ga baƙo ya dahu luguf, sai ka ce dafaffen zogale.

A nan fa Gizo ya jefar da bargon. Ya gangara fadama yana jan ƙafafu, ya tarar saura tushe ɗaya tak, Kwaɗo kuma ya zauna a gabansa ya kumbura. Kwaɗo ya ce, "Wannan kam ba mai cire shi. Ka yi wa uku hidima har lahira. Ko sau ɗaya ka tambayi ɗayansu abin da yake so?"

Gizo ya sosa ƙeya. Ya durƙusa cikin laka ya ce, "Baƙo, wai me kake so?"

Fure ya kaɗa kai ya ce, "Ƙafata a cikin laima, rana ta same ni da safe, inuwa da yamma. In rani ya yi na kwanta, kada a binne 'yan ganyayen gindina, daga nan zan sake tashi. A tudu kuwa mutuwa zan yi, kamar yadda 'yar garinmu ta kusa yi da tulu a ka."

Gizo ya gane Ƙoƙi ake nufi. Sai ya daka tsalle ya faɗo cikin ruwa tsundum. "Wayyo ni! Ashe da ni ake!"

Ya haura tudu a guje, ya sauko da jinka, ya koma ya sauko da asabari, ya koma ya sauko da duwatsun murhu. Ya kafa ɗaki daf da furen, yana cire masa ciyawa, yana korar awaki, yana gaishe shi safe da yamma. Ran nan da hantsi fure ya buɗe jawur, tun daga ƙasa har sama.

Sai ga Ƙoƙi da kayanta a ka. Ta dubi fure, ta dubi rafi a bakin ƙofa, ta dubi Gizo da laka har wuya, ta ƙyalƙyale da dariya. Gizo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙoƙi, wai me kike so?"

Ta ce, "Tambayar nan nake jira tun ranar da aka kawo ni gidanka."

Kwaɗi suka ɗauki kiɗa, Gizo ya shiga rawa da ƙafafunsa duka, har ya taka tulun ya fashe, ba wanda ya damu.

To kun ji, yara. In za ku kyautata wa wani, mutum ne ko tsiro, ku fara tambayar abin da yake buƙata, kada ku ɗora masa abin da ku kuke so.

Ƙungurus kan ɗan kusu, shi ma da laka a hanci!