Taurari Biyar da Tebur Mai Ƙafa Uku

Akwai wani dattijo, tsohon akawu, wanda bayan ya ajiye aiki ya gyara ɗakuna biyu a bayan gidansa yana saukar da baƙi na 'yan kwanaki. Mutum ne mai tsabta da tsari. Zanin gado ba ya hawa gado sai an goge shi, kofin shayi kuma ba ya shiga ɗakin baƙo sai ya ɗaga shi a haske ya duba. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya hayaniya da maƙwabta. Aibinsa ɗaya ne. Yana son yabo, kuma yana tsoron ranar da za a rage masa shi.

Baƙinsa ta wata manhajar waya suke zuwa. Matafiyi ya duba hotunan ɗaki, ya zaɓa, ya biya kamfanin manhajar, ya zo ya kwana. In ya tafi sai ya ba mai ɗaki taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta yadda ya sami wurin. Shi ma mai ɗaki ya rubuta shaida a kan baƙon, domin sauran masu ɗakuna su karanta kafin su buɗe masa ƙofa. Dattijon nan bai taɓa samun ƙasa da biyar ba, har kamfani ya maƙala masa wata 'yar lamba mai ruwan zinariya kusa da sunansa. Saboda haka matarsa ta laƙaba masa Mai Taurari, sunan kuma ya bi shi.

"Wayar nan ka fara gaisarwa da safe kafin ni," in ji ta wata rana tana zuba masa ruwan zafi. "Ta kwana lafiya dai?"

"Lafiya lau ta kwana," ya ce, bai ɗago kai ba. "Biyar ne har yanzu."

Wata rana wani saurayi ya kama ɗaki ɗaya, ya ce shi da abokinsa ne, taro ya kawo su. Ya zo da riga a goge, ya gaida dattijo da ladabi, har ya yabi shukokin da ke bakin ƙofa. Mai Taurari ya ba shi makulli da kwanciyar rai, shi da matarsa suka tafi duba 'yarsu da ta haihu.

Da suka dawo, maƙwabcinsu ne ya tare su tun a bakin titi. Ya ce mutanen da suka cika ɗakin nan ba sa ƙirguwa, kiɗa kuwa har tagoginsa sun yi ta karkarwa. Mai Taurari ya buɗe ƙofa ya tsaya. An yage labule. Gawayin shisha ya ci darduma wuri-wuri. Madubi ya tsage daga sama har ƙasa, kwamin wanke hannu kuma ya rabu da bango yana lilo a jikin bututu.

Ya kai ƙara wurin kamfani. Amsa ta zo nan take, amma ba mutum ne ya rubuta ta ba. An gode masa da ya tuntuɓe su, an ce jin daɗinsa shi ne burinsu. Daga baya aka nemi hoton ɗakin na ranar da baƙo ya shiga, da rasit ɗin madubin da ya saya tun yaransa suna makaranta. In ya kira, sai a sa masa kiɗa a kunne, sa'an nan wata murya ta ce ya faɗi matsalar daga farko. Gobe wata muryar daban ta sake cewa ya faɗa daga farko. Ya faɗa har labarin ya gundure shi.

Ana cikin haka saurayin ya kira shi.

"Baba, ina wuni? Ya jikin jariri?"

"Kai ne? Har kana da bakin gaishe ni?"

"Baba, a yi haƙuri. Ka san abokai, mutum ɗaya ka gayyata sai goma su biyo shi. Na ga ka kai ƙarata. To ni ban riga na rubuta komai a kanka ba. Kuma ka san mutane, in suka karanta cewa akwai kyankyasai a banɗaki, ba sa tambaya ko gaskiya ne."

"Kyankyaso? A ɗakina?"

"Ban ce na gani ba, Baba. Cewa nake mu rufa wa juna asiri. Ka janye ƙara, ka rubuta mini 'yan kalmomi masu daɗi, ni kuma in ba ka biyar ɗinka. Kowa ya huta."

Mai Taurari ya daɗe zaune da waya a cinya. Maganar rufin asiri ta yi masa daɗi a kunne, domin magana ce ta mutanen kirki. Ya gaya wa kansa cewa yaro ne, bai kamata a ɓata masa suna tun da ƙuruciya ba. Ya janye ƙarar. Sa'an nan ya rubuta, da irin tsararren rubutunsa na akawu: "Baƙo ne mai natsuwa da ladabi. Ya bar ɗaki yadda ya same shi. Ƙofata a buɗe take gare shi kullum."

Matarsa ta karanta ta bayan kafaɗarsa.

"Asirin wa ka rufa, Maigida? Nasa, ko na lambarka?"

"Ke ba ki san yadda harkar nan take ba."

"Na san dai shiru ba ƙarya ba ne. Da ka yi shiru. Wannan kuwa hannunka ne ya rubuta."

Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ya kira mai gyaran famfo, ya sayi sabon labule da madubi, ɗaki ya koma kamar ba a yi komai ba. Taurari biyar suka shigo, lamba ta zauna daram.

Mai Taurari yana da ƙanwa a wani ɓangare na gari. Mijinta kafinta ne, ya rasu bayan doguwar jinya. A saman shagonsa akwai ɗaki inda yakan zauna yana zana aikinsa, a ɗakin kuma akwai tebur, aikinsa na ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da shi. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya shiga cikin katako. A cikin ɗakin ya harhaɗa shi, ya kuma fi ƙofa faɗi, don haka ba ya fita. A gefen dama akwai wurin da gwiwar hannun marigayin ta goge har ya yi santsi. In ta hau shara, takan ɗora tafinta a nan ta ɗan tsaya.

Mai Taurari ne ya ba ta shawarar ta riƙa saukar da baƙi a ɗakin, don ta sami abin riƙe kanta. Da ta nuna tsoro saboda teburin, shi ne ya kwantar mata da hankali.

"Kada ki karɓi kowa sai kin karanta abin da masu ɗakuna suka rubuta a kansa," ya ce mata. "Kamfani ba zai tsaya miki ba. Shaidar junanmu ita ce makullinmu."

Ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Ta sha mayar da baƙi saboda layi ɗaya da bai kwanta mata ba.

Bayan 'yan watanni, wasu masu ɗakuna na unguwa suka taru a falon Mai Taurari, kamar yadda suka saba, suna kukan kamfani. Wannan ya ce an soke masa baƙo ba dalili, wancan ya ce an hukunta shi saboda ruwan sama ya hana baƙuwa barci. Mai Taurari yana tsakiya yana ba su shawara, sai wayarsa ta yi ƙara. Kunnensa ya ɗan yi nauyi, don haka ya saba buɗe murya kowa ya ji.

"Yaya, ina wuni? Ba zan daɗe ba. Wani yaro ne yake neman ɗakin sama, shi da abokinsa. Na duba, sai ga sunanka a ƙasan shaidarsa." Ta karanta jimlolin nan uku daki-daki, har zuwa ƙofar da take a buɗe kullum. "Na ce to, wanda Yaya ya ce ya bar ɗaki yadda ya same shi, ai ya ci jarrabawa. Kai da kake ɗaga kofi a haske!"

Mutanen falo suka yi dariya suna gyaɗa kai. Ban da Mai Taurari. Ya dubi fuskokin da suke dubansa da girmamawa. Kalma ɗaya ta isa, amma bayanta sai tambaya ta biyo, bayan tambaya kuma sai labule da madubi su fito fili.

"Abin da na rubuta ke nan," ya ce.

"Shi ke nan, Yaya. A gaida Anti."

Ya yi niyyar kiranta in baƙi sun watse. Da suka watse ya ce bari ya ci abinci tukuna. Bayan abinci ya ce wataƙila yaron ya yi hankali, wanda aka yi wa alheri ai yakan ji kunya. Washegari ya ɗauki waya, ya ajiye. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Yaron bai yi hankali ba. Ƙanwar tana wurin ɗinkinta a kasuwa ranar da abin ya faru, masu shagunan da ke kusa da ɗakin ne suka ba ta labari. Taron ya fi na farko. Da ɗakin ya yi musu kaɗan, sai suka hau teburin suna rawa ana ɗaukar su a waya. Ƙafa ɗaya ta karye daga tushe, ta tsaga katakon sama biyu. A gefen dama, daidai wurin nan mai santsi, wani ya ajiye garwashi ya manta.

Ta kai ƙara. Bayan kiɗa da muryoyi, amsa ta zo cewa baƙon yana da kyakkyawan tarihi, kuma wani mai ɗaki da ke riƙe da lambar zinariya ya shaide shi da natsuwa. Ba za su iya ɗora masa laifi da maganarta kaɗai ba. Ta kira yaron da kanta. Bai ko ɓoye ba.

"Mama, me ya yi zafi? A wurin dattijon nan ma haka muka yi, har madubi ya fashe, bai ce komai ba. Mun fahimci juna. Ke ma mu rufa wa juna asiri mana."

Da hantsi ta iso gidan yayanta. Ta gaida matarsa, ta ƙi zama. Ta wuce ɗakin baya, ta tsaya gaban sabon madubi tana dubansa, sa'an nan ta taɓa sabon labule.

"Yaya, yaushe ka canja waɗannan?"

Ta saki labulen ta juyo gare shi.

"Ranar da na kira ka, ka sani?"

"Akwai mutane a falo," ya ce a hankali.

"Akwai mutane." Ta maimaita kamar tana auna nauyin maganar. "Ni kuma fa, Yaya? Ni mece ce?"

"Zan nemo kafinta mafi gwaninta a garin nan ya gyara teburin. Ko nawa ne."

"Kafintan da ya yi shi ba ya karɓar aiki yanzu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta yi wa matarsa sallama ta tafi. Matar ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sa'an nan ta koma kicin ba ta ce wa mijinta uffan ba. Da ta yi masa gori ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar nan ya rubuta wa kamfani cewa shaidarsa ƙarya ce, yana so a goge ta. Aka gode masa da ya tuntuɓe su. Aka ce lokacin gyara shaida ya wuce, ba a taɓa ta kuma. Har yau tana nan a ƙasan hoton yaron, da sunan dattijo da lambarsa ta zinariya, tana buɗe masa ƙofofin mutanen da ba su san komai ba.

Ƙanwar ta cire ɗakin daga manhaja. Teburin yana nan a sama, an tokare shi da bulo a madadin ƙafa ta huɗu. Ba ta yanke zumunci ba. Tana zuwa, tana gaisuwa, tana kawo wa jikoki tsaraba. Abu ɗaya ne ya canja. A da, in Yaya ya ce mai gyaran wuta kaza yana da kirki, ko likita kaza ya iya aiki, magana ta ƙare. Yanzu takan saurare shi har ya gama, ta ce, "To, Yaya, bari in ƙara tambaya." In ta faɗi haka, dattijon yakan sunkuyar da kai ya dubi hannunsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rufin asiri daban, shaidar zur daban, ko da an kira su da suna ɗaya. Wanda ya yi maka laifi kana iya yafe masa, wannan haƙƙinka ne. Amma in aka nemi shaidarka domin wasu su dogara da ita, maganar ta daina zama taka kai kaɗai, ta zama amanar wanda zai karanta, kuma ba ka san ko wane ne zai karanta ba. Kada tsoron raguwar yabo ya sa ka yabi wanda ka san zai cuci na gaba. In kuma ka riga ka yi kuskuren, ka gyara shi a karo na farko da dama ta zo, ko da falo cike yake da mutane. Kunyar wannan rana takan wuce. Yardar ɗan'uwa kuwa, in ta tsage, takan zauna a tokare har ƙarshen rai.